Badi'a da Masakan Innarta

Ranar farko da muka shiga aji a sashen nazarin kasuwanci na jami'a, malamar da ta karɓe mu ta ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. Mu mata mun kai arba'in. Da aka bi layi sai ta bayyana kusan kowaccenmu daga gidan sana'a ta fito. Wata uwarta ɗinkin hula take yi, wata turaren wuta ake haɗawa a gidansu, wata ta taso tana ƙulla zoɓo a leda kafin ta tafi makaranta. Amma da aka zo maganar buri, ba wadda ta waiwayi gida. Daga mai cewa banki sai mai cewa kwastan, sai mai son ta riƙa saro kaya daga ƙasar waje. Da aka zo kaina na ce sunana Kamila, daga Gwarzo, mahaifina malamin Islamiyya ne, kuma aikin banki nake so. Ban faɗi dalili ba. Dalilin kuwa shi ne na taɓa raka yayana banki ina ƙarama, na ga wata mata zaune cikin sanyi, teburinta fes, babu ko ɗigon datti.

Daga can baya wata doguwa mai shuɗin hijabi ta miƙe.

"Sunana Badi'a Hammadu, daga Durun ta ƙasar Kabo. Innata daddawa take yi. Na zo in koyi yadda za a sayar da ita a inda ba a san Innata ba."

Aji ya ɗauki dariya. Wani daga layin maza ya toshe hanci ya ce, "Ashe shi ya sa tun ɗazu."

Ta juya ta dube shi, ko murya ba ta ɗaga ba. "Malam, miyar da aka yaye ka da ita, turare aka zuba mata?"

Dariyar ta koma kansa. Daga ranar aka sa mata Hajiya Daddawa, kuma tana amsawa har muka gama.

Ɗakin kwana ɗaya aka ba mu, mota ɗaya kuma muke shiga idan an yi hutu, ita ta sauka a hanya, ni in wuce Gwarzo. A haka na san labarinta. Ta girme ni da shekara huɗu. Ita ce autar Inna Sabuwa, mahaifinta Malam Hammadu manomin dawa da gyaɗa ne. Da ta gama sakandare lissafi ya riƙe ta, ta yi shekara uku a gida tana sake jarrabawa. A waɗannan shekarun ne ta zauna kusa da tukunyar Innarta, ta koyi aikin tun daga tsintar kalwa har zuwa shanya.

Inna Sabuwa tana da alama. Duk curin daddawar da ta fyaɗa sai ta danna masa yatsu uku a tsakiya kafin ya bushe. Matan ƙauyukan da ke kewaye, idan sun aiki kasuwa, cewa suke a sayo mai yatsu uku. Wata rana Badi'a ta je Kano duba wata 'yar uwarsu a asibiti, ta shiga wani babban kanti sayen ruwa, sai ta ga daddawa a cikin roba mai murfi, an liƙa mata takarda da sunan wata Hajiya. Ta ɗaga robar ta duba, ga yatsun Innarta uku a jikin kowane curi. Ta gane matar, wadda take zuwa da mota duk wata tana kwashe rabin shanyarsu.

"Ban ji haushinta ba," in ji Badi'a. "Ta san wani abu ne da mu ba mu sani ba. Na ce to, ni ma sai na je inda ake koyar da shi."

Shekara huɗu ba ta taɓa sauya magana ba. Duk aikin da aka ba mu a aji, sai ta karkato da shi kan daddawa. Aka ce a kawo misalin talla, daddawa. Aka ce a kawo misalin yadda ake rarraba kaya, daddawa. Har wani malaminmu ya riƙa cewa, "Badi'a, yau dai a bar kalwa ta huta." Mu kuwa da muke mata tsiya, mu ne idan an dawo hutu muke layi a bakin gadonta da 'yan ledojinmu. Hanatu, wata 'yar ɗakinmu daga Madadi, wadda ta rantse sai ta zama manaja a kamfanin taki, ita ta fi kowa toshe hanci, ita ta fi kowa roƙo.

A hutun aji biyu na bi ta Durun na kwana uku. Har yanzu idan na rufe ido ina ganin tsakar gidan nan: bishiyar darbejiya, turmi biyu, babbar tukunya a kan murhu tun asuba, da tabarmin shanya jere har bakin katanga. Inna Sabuwa gajeriya ce mai saurin tafiya, tafin hannunta ya rine ya yi duhu. 'Yar Malam take ce mini. Ta bar ni na ga komai. Na ga yadda ake dafa kalwa wuni guda, a surfa ta da toka har ɓawon ya fita, a wanke, a sake dafawa da kanwa. Amma da aka zo ɗaukar ta da zafinta zuwa wani ɗan ɗaki da ke bayan rumbu, inda ake juye ta a masakai a lulluɓe har kwana uku, sai Inna ta tare ni da gwiwar hannu.

"'Yar Malam, tsaya daga nan. Ɗakin nan ba ya son iskar baƙo."

Na yi zaton kunyar warin take ji. Ban tambayi dalili ba.

Da magariba aka kai wa Malam Hammadu tuwonsa da miyar kuka. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon da yatsa, sannan ya ɗaga murya daga zaure.

"Sabuwa, gishirin nan ya yi yawa."

"To, Malam, gobe a rage," in ji Inna, ko juyowa ba ta yi ba.

Na ji babu daɗi, don miyar ban taɓa shan irinta ba. Badi'a ta ce kada in damu. "Shekara talatin kullum haka yake faɗa. Ranar da kika ji Baba ya yaba miya, to ba ta yi ba, yana rufa wa mai girkin asiri ne."

A ajin ƙarshe aka ce mu haɗu bibbiyu mu rubuta tsarin kafa sana'a. Ba sai na faɗi abin da muka zaɓa ba. Badi'a ta ɗauki ɓangaren suna da kasuwa, ni na ɗauki ɓangaren tsafta. Na zuba duk burina na teburin banki a ciki: fararen robobi, safar hannu, wanke kowane mazubi da sabulu da ruwan zafi bayan kowane aiki. Ta karanta, ta yi murmushi.

"Rubuta, ƙawata. Malam zai so wannan."

Ya kuwa so. Mu muka fi kowa maki.

Mako biyar da gama jarrabawarmu ta ƙarshe, Inna Sabuwa ta kwanta da zazzaɓi. Kwana huɗu ta yi, a na biyar Allah ya karɓi abarsa. Ko takardar sakamakon 'yarta ba ta gani ba. Na isa Durun washegari, na ce wa mahaifiyata zan zauna har a yi bakwai.

Bayan sadakar uku gidan ya rage cika. Badi'a tana ɗaki tare da gwaggonninta tana karɓar gaisuwa, idanunta sun kumbura. Ni kuwa ba na iya zama wuri ɗaya idan hankalina ya tashi, sai na sami abin da hannuna zai yi. Na share tsakar gida. Na wanke kwanukan sadaka. Da hantsi na zagaya bayan rumbu, sai na ga ƙofar ɗan ɗakin nan a buɗe. Na leƙa. Masakai bakwai ne a jingine da bango, manya, cikinsu baƙi ƙirin, ya yi kauri yana danƙo. Zuciyata ta karye. Na ce wa kaina, baiwar Allah, rashin lafiya ya hana ta wanke kayanta, ga baƙi suna ta shige da fice, kada wani ya gani ya tafi da magana.

Na ɗora ruwa ya tafasa. Na samo omo da soson waya. Tun hantsi nake durƙushe a bayan rumbu har aka kusa kiran azahar. Baƙin nan ba ya fita da sauƙi, sai da na haɗa da bakin cokali ina kankarewa. Na dirje su ɗaya bayan ɗaya har asalin launin ƙwarya ya fito, na jera su a rana. Abin da ya fi damuna idan na tuna shi ne, a lokacin daɗi nake ji. Har ina cewa a raina yau na yi wa Inna wani abu.

Badi'a ta fito da buta za ta yi alwala, ta hango su. Ta ajiye butar a hankali. Ta zo ta ɗauki ɗaya ta kai hancinta, ta daɗe a haka.

"Da me kika wanke?"

"Omo da ruwan zafi."

"Duka?"

"Duka bakwan."

Ta zauna a kan turmin da ke kife. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

"Kamila, tun kafin a haife ni sabulu bai taɓa masakan nan ba. Biyu daga ciki na kakata ne. Toka kawai Inna take shafa musu ta kai rana. Baƙin da kika kankare, shi ke sa kalwa ta kama. Shi ne ɗanɗanon."

Na ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Kin karanta abin da na rubuta."

"Wa ake gaya wa? A Durun 'yar shekara biyar ta sani. Na ɗauka takarda ce kawai muke yi wa malam."

Ban iya kaiwa sadakar bakwai ba. Washegari na koma Gwarzo.

Bayan arba'in Badi'a ta hura wutar Innarta. Ta yi komai yadda aka koya mata, ta juye kalwa a fararen masakan, ta lulluɓe. Ta farko ta yi tsami. Ta biyu ta yi yauƙi, sai zubarwa aka yi. Ta uku ta kama, ta yi kamar daddawa, har ta danna mata yatsu uku. Matar farko da ta saya ta aiko washegari tana tambaya ko an sauya kalwa ne. Da aka kai wa Malam Hammadu miyar da aka yi da ita, ya ci rabi ya wanke hannu ya ce, "Madalla, Badi'atu, miya ta yi daɗi. Allah ya yi albarka."

Duk wannan Hanatu ce ta ba ni labari, don ni na daina ɗaga wayar Badi'a. Idan na ga sunanta sai in kife wayar. Wanke-wanken gidanmu ma ya gagare ni, da na ɗauki soso sai in ajiye shi. Shekara huɗu yarinyar nan tana gina abu ɗaya, ta samo suna, ta zana takardar da za a liƙa, ta san kantunan da za ta fara kai wa. Abin da za a zuba a cikin robar ne kawai babu, kuma ni na kankare shi da bakin cokali.

Wata safiyar Talata ina ɗaki na ji sallamar Badi'a a tsakar gida. Ta gaida mahaifiyata, suka daɗe, ana ya haƙuri, ya Malam, ya mutanen Durun. Sannan ta ɗaga labule. Ta rame.

"'Yar Malam, ashe wayar taki kurma ce. Sa hijabinki, Gammo za mu."

Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. "Ajiye shi, sai mun dawo. Buhu biyu ne a waje, ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba."

A mota ta yi mini bayani. Malam Hammadu ne ya tuna. Akwai Altine, 'yar yayar Inna da ta riƙe tun tana ƙarama ta koya mata aikin. Da aka aurar da ita Gammo shekara ashirin da suka wuce, Inna ta sa masaki ɗaya daga nata a cikin kayan ɗakinta, da baƙinsa da komai, kamar yadda ita ma uwarta ta yi mata. Altine ta zo gaisuwa, amma ta koma ranar uku, ba ta san abin da ya faru ba.

"Idan har yanzu tana aiki da shi, to ɗanɗanon Inna yana nan," in ji Badi'a. "Idan ta bari, shi ke nan."

Tun daga bakin zauren gidan muka ji warin. Badi'a ta tsaya ta riƙe hannuna da ƙarfi.

Yaya Altine mace ce mai jiki da yawan dariya. Bayan an gama gaisuwa an yi wa Inna addu'a, Badi'a ta kwance buhunan. Altine ta ɗauki masaki ɗaya ta juya shi a rana, dariyarta ta ɗauke.

"Wace ce ta yi wannan aikin?"

"Ni ce, Yaya," na ce, ina kallon ƙasa.

"Ke ce mai digirin?"

"Mu biyu duk masu digiri ne," in ji Badi'a.

"To, sannunku. Shekara huɗu ana koya muku wanke-wanke." Ta shafa cikin masakin da yatsa. "Amma fa yarinya kin iya dirza. Ko amarya ba a kai ta da ƙwarya mai haske haka."

Badi'a ta roƙe ta aron nata. Altine ta girgiza kai. "Nawa ba ya fita gidan nan. Inna ta ce ranar da zai fita, sai dai in 'yata ce za ta tafi da shi ɗakinta. Ba zan saɓa mata ba don ta kwanta dama." Ta dube mu. "Amma akwai kalwa a cikinsa yanzu, jibi za ta kama. Ku zauna. Idan na buɗe, da ɗuminta za a ɗiba a shafe cikin naku, a zuba sabuwa a kai, a rufe. Haka za ki yi ta yi, Badi'a, kina juyawa daga wannan zuwa wancan. Baƙin ba zai dawo bana ba, ko baɗi. Kuma ban yi miki alkawarin komai ba."

Ranar da aka buɗe, Altine ta miƙo mini ludayi. "Ke kika kankare, ke za ki shafa. Cire zoben nan. Kuma kada in ga kin nemi safar hannu."

Na durƙusa a ɗakin da babu taga, warin yana sa ni hawaye, na shafe masakai bakwai da tafin hannuna, lungu-lungu. Muka ƙara kwana uku muna jira. Ko abinci ban iya ci sosai ba. Da aka yaye lulluɓin masakan, Altine ta sunsuna, ta ɗanɗana, ta ce ita ba za ta yanke hukunci ba, a kai wa wanda ya ci ta shekara talatin.

A Durun Badi'a ta kirɓa, ta fyaɗa, ta shanya. Ranar da ta bushe ta kaɗa miyar kuka, ta kai wa mahaifinta bayan magariba, ba ta gaya masa komai ba. Muka zauna a gindin darbejiya muna jin motsin kwano daga zaure. Ni dai addu'a nake kada ya yaba.

Motsin ya tsaya. Can sai muka ji muryarsa.

"Badi'atu."

"Na'am, Baba."

"Gishirin nan ya yi yawa."

"To, Baba, gobe a rage."

Ta kifa kanta a gwiwa, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Can ta ɗago ta ce mini, ƙasa-ƙasa, "Ko rabin wanda Inna take zubawa ban sa ba."

Da aka dawo da kwanon a suɗe, ta ɗanɗana ragowar miyar tukunya ta daɗe tana juya ta a baki. "Ba ta kai ta Inna ba tukuna," ta ce. "Wataƙila masakin ne, wataƙila hannuna ne. Amma ta kama hanya."

Wata huɗu ke nan. Robobin farko sun shiga kantuna biyu a Kano, da sunan Inna Sabuwa a jiki da zanen yatsu uku. Teburin da ake zubawa a roba fari ne fes, da safar hannu, yadda na rubuta. Ɗan ɗakin bayan rumbu kuwa Badi'a ta sa masa kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanenta. Ni ina Gwarzo ina jiran takardar bautar ƙasa, kuma har yanzu idan na je gidan mutane ko kofi ba na ɗaurayewa sai na tambaya. Makon jiya na je Durun, ta buɗe mini ɗakin, ta ɗaga masaki ɗaya ta nuna mini cikinsa a hasken ƙofa. Gindinsa ya fara yin duhu, kamar faɗin tafin hannu.